Tungan Kirya a Kan Teburin Iya

Gudu, Abuja
8 ga Yuli

Yaya Datti,

Assalamu alaikum. Ina fata ka isa lafiya, kuma sanyin Gembu bai mayar da kai tsoho tun yanzu ba. Mu nan lafiya ƙalau. Iya tana gaishe ka, gwiwarta ta yi sauƙi, har ta koma takawa kasuwar Gudu don ta yi faɗa da masu tumatir. Ta ce in gaya maka ka riƙa sa safa. Tunda ka ce inda kuke awon hanyar babu sabis, zan riƙa ba Elvis direbanku takarda duk sanda ya shigo Abuja ɗaukar kaya. Kada ka yi wa rubutuna dariya, rabona da wasiƙa tun firamare.

To, ga maganar tebur. Ka bar mini jan labari kamar mai barin ajiyar akuya, ka ce "za ki iya", ka shige mota. Asabar biyu ke nan ina zama a kujerarka a barandar Iya, kuma Yaya, ban iya ba. Kabir da na sani da ihu idan ɗan lido ya faɗi, yanzu wayoyin mutane yake zarowa daga aljihu yana gyarawa a gabana. Kindness sai hamma, wai gajiyar asibiti ce. Baba Thaddeus kaɗai ke saurarona, shi ma kara ce, tunda ba zai taso tun daga Jiwa ya zo ya yi gyangyaɗi ba.

Shi ya sa na je Wuse wurin masu tsofaffin littattafai. Mai shagon ya tambaye ni wane irin wasa nake nufi, dara ko karta. Na ce masa a'a, mutum ɗaya ne yake ƙirƙiro ƙasa da garuruwanta yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya zama shi, ya faɗi abin da zai yi, sai a jefa ɗan lido a ga ko ya dace. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ashe tatsuniya ce da wahala." Duk da haka ya tono mini wani littafin Turanci mai kauri, na wani da ya ce ya shekara talatin yana tsara irin wasannin nan, yana koya wa mutane yadda ake yi.

Kai da ka shekara huɗu kana jan teburin nan, ka taɓa karanta irinsu? Suna da amfani, ko kaya kawai na ɗauko wa kaina? Ka gaya mini gaskiya. Tsorona ɗaya ne, kada ka dawo ka tarar na watsa maka mutane.

Gidan ya yi shiru da ba ka nan. Ko ranar Asabar da ake cika baranda, ina jin shirun.

Ƙanwarka, wadda kake cewa zumuncinmu sai an zana taswira kafin a gano shi,
Zakiyya


Sansanin aiki, bayan Gembu
21 ga Yuli

Zakiyya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, ta jiƙe ta gefe ɗaya amma ta karantu. Ina lafiya, sai mura da ta kama ni tun makon farko ta ƙi saki. Ki gaya wa Iya ina sa safa, biyu-biyu ma. A nan gajimare yana saukowa har ƙasa, sai ka daina ganin wanda ya riƙe maka sandar awo.

Batun littafi, ban taɓa karanta ko ɗaya ba. Wanda ya rubuta shi bai san Kabir ba, bai san Kindness ba, bai taɓa cin doyar Baba Thaddeus ba. Ni abin da na iya shi ne in kalli fuskar mutum in gane ya gaji ko yana son ƙari. Amma tunda kin samu malami mai shekara talatin, me za ki yi da mai shekara huɗu? Ki bi shi. Littattafaina uku da nake rubuta abin da ya faru duk Asabar suna cikin akwatin ƙarƙashin gado, idan malamin naki ya ba ki izinin dubawa.

Elvis yana ta danna hon. Ki gaishe da kowa.

Datti


Gudu
5 ga Agusta

Yaya Datti,

Salam. Allah ya sawwaƙe murar, ka riƙa shan citta. Iya lafiya, ta ce safa biyu almubazzaranci ne.

Na karanta takardarka sau uku ina neman inda ka ce mini sannu, ban samu ba. Kusan wata guda ina leƙen hanya, sai ga 'yan layuka, rabinsu gatse. Ni taimako na nema. Idan kana ganin ban isa in zauna a kujerar ba, ka faɗa kai tsaye, ai mun saba faɗa wa juna abin da ya fi wannan ɗaci.

Kuma don ka ji haushi, malamin nawa yana aiki. Ya ce kada mai jan labari ya daɗe yana zuba bai juya ya tambayi wani "me za ka yi?" ba. Na gwada, Kabir ya mayar da wayar aljihu. Ɓarawon dawakin da ya zama a labarin ya shiga kasuwar Birnin Dutse ya sace dokin alƙali, ɗan lido ya ba shi ɗaya, aka kama shi, mai maganin Kindness ta je ta rantse wa alƙali cewa mahaukaci ne tana yi masa magani. Mun yi dariya har Iya ta leƙo ta ce ko an yi wa wani haihuwa ne.

Yanzu ina babi na tara. Ya ce abin da ɗan wasa ya fi so a cikin labari, shi za ka kai bakin wuta, in ba haka ba mutum yana zaune ne kawai ana ba shi labarin wasu. Sai na ɗauko littattafanka na bi su shafi-shafi. Babu garin da ba ka gana wa azaba ba: yaƙi, fari, ambaliya, annobar shanu. Sai ƙauye ɗaya a kusurwar taswira, Tungan Kirya, garin manomin Baba Thaddeus. Shekara huɗu ko kaza ba a sace a can ba. Mantawa ka yi, ko lalaci ne? Bawan Allah yana tasowa daga Jiwa duk mako, yana raka mutane yaƙin wasu, nasa labarin ko motsi.

Asabar mai zuwa zan gyara maka. Sarkin Birnin Dutse zai aiko manzo da takarda, yana son filin ƙauyen zai gina sabon gari, kowa ya tashi. Ina so in ga Baba ya miƙe tsaye yana buga tebur.

Ina fushi da kai, kuma ina kewarka, duka biyun gaskiya ne.

Zakiyya


Sansanin aiki
19 ga Agusta

Zakiyya,

Ina lafiya. Ruwa ya cinye gada a hanya, Elvis ya kwana goma sha ɗaya kafin ya iso, yau na karɓi takardarki. Na hau dutsen da ake cewa ana samun sabis, na tsaya har la'asar da waya a sama, babu ko ɗigo. Na san wataƙila na makara, amma idan Allah ya sa ba ki yi ba tukuna, don girman Allah kada ki taɓa Tungan Kirya.

Ba ni na ƙirƙiro ta ba. Ƙauye ne na gaske a bayan Jiwa, gida tara, can aka haifi Baba Thaddeus. Shekara goma sha biyu da suka wuce wani kamfani ya zo da katafila ya share wurin, aka gina rukunin gidaje. Matarsa Lucy ba ta yi shekara biyu a ɗakin haya ba ta rasu. Lokacin kina Zariya, ba ki ma san hanyar Abuja ba.

Kin san shi abokin marigayi Baba ne, doya yake kawo wa Iya. Wata Asabar ya tsaya yana kallonmu, ya ji na ce manoma suna shuka doya a watan da ba a shukawa, ya kasa haƙuri ya gyara mini. Na ce to ya zauna ya zama manomin. Da na tambaye shi sunan garinsu a cikin labarin, sai ya karɓi fensirin ya ɗiga da hannunsa, ya faɗi sunan. Tun ranar duk rundunar da ta doshi kusurwar nan sai na karkatar da ita. Sau uku ɗan lido yana cewa ƙauyen ya ci wuta, ina rufe shi da tafin hannu ina faɗin wata lamba. Ban rubuta a littafi ba, ban gaya wa kowa ba, ni a wautata na ɗauka abu ne da ake gani.

Laifina ne. Da na rubuta miki wannan maimakon gatse, da ba mu zo nan ba. Ba raina ki na yi ba, kishin littafin ne ya kama ni. Ina nan cikin laka ina tunanin barandar nan, da ƙarar kofunan shayin Iya, sai na ji kamar an samu wanda ya maye gurbina, kuma takarda ce ma ba mutum ba.

Ki rubuto da sauri.

Datti


Gudu
1 ga Satumba

Yaya,

Muna lafiya a jiki. Takardarka ta iso jiya, mako uku cif bayan na yi abin.

Har takardar sarkin na rubuta a kwali na naɗe, na miƙe na karanta da muryar manzo, ina jin kaina wata gwana. Na ce mutanen Tungan Kirya suna da kwana bakwai su kwashe nasu ya nasu. Kabir ya fara tafi, sai ya dubi Baba ya tsaya. Baba ya ce, "Kwana nawa ka ce?" Ka san shi, ni ma "ka" yake ce mini. Na ce bakwai. Ya ce, "Mu kwana uku aka ba mu." Ya sa hularsa, ya leƙa ya yi wa Iya sallama yadda ya saba, ya fita. Shayinsa ko rabi bai sha ba.

A lokacin ban gane ba, sai da Iya ta zaunar da ni ta ba ni labarin ƙauyen. Ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Da kin tambaye ni." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Asabar uku bai zo ba. Kabir da Kindness suna zuwa, mu zauna mu sha shayi, babu mai cewa a buɗe taswira. Jiya Kindness ta ce idan Baba bai dawo ba gara a bari sai ka dawo, kuma ni da kai mun san abin da aka ajiye haka ba ya tashi. Abin da na ji tsoro tun farko shi na yi da hannuna. Na cusa littafin ƙarƙashin gado, ba na son ganinsa.

Ka yafe mini. Da kana nan da ka san abin da za a ce masa.

Zakiyya


Gudu
16 ga Satumba

Yaya Datti,

Elvis ya zo hannu rabbana, ya ce ka yi zazzaɓi. Allah ya ba ka lafiya. Ban gaya wa Iya ba, don ka san za ta ce a kai ta tasha. Idan kuma fushi ne ya hana ka rubutu, ka yi haƙuri ka karanta wannan har ƙarshe.

Lahadin waccan na je Jiwa bayan an taso daga coci. Na same shi a ƙofar ɗaki yana sa wa fartanya ƙota. Na durƙusa zan fara ba da haƙuri, ya ce, "Tashi, yarinya na, za ka ɓata zani. Zauna a benci." Na gaya masa duk abin da ka rubuto, har rufe ɗan lidon, don na ga bai kamata a ƙara ɓoye masa komai ba. Sai ya yi dariya har da tari.

Ya ce, "Datti yana tsammani ni makaho ne? Sau uku, ina gani. Yaro mai kirki, amma yana riƙe ni kamar ƙwai." Ya buga ƙotar a ƙasa, sannan ya ce, "Ranar da katafila ya zo ina asibiti, an yi mini aiki a ciki. Lucy ita kaɗai ya kwashe kaya. Na fito, na je, ko itacen kirya ban gani ba. Shekara goma sha biyu ina tambaya kaina, da ina nan, me zan yi? Sai kai ka tashi ka ba ni kwana bakwai. Ba fushi na yi ba, tsoro ne. Na zo gida in yi tunani."

Yaya, ya shiga ɗaki ya fito da bayan kwalin taliya. Ya zana ƙauyen gida-gida, da rafi, da inda za a tare hanya da ƙaya, da wanda za a aika neman taimako. Mako huɗu abin da yake yi ke nan, yana jin nauyin dawowa saboda yadda ya fita. Sharaɗinsa ɗaya: ɗan lido ya faɗi a tsakiyar tebur, kowa ya gani, babu hannu.

Da na dawo na zaro littafin. Babi na goma sha ɗaya gaba ɗayansa a kan wannan ne, wai kafin ka taɓa abin da zai iya yi wa mutum ciwo, ka ja shi gefe ka tambaye shi. Ni ce na tsaya a na tara na ruga. To ga amsar tambayar da na yi maka tun Yuli: yana da amfani, ga wanda ya karanta har ƙarshe, kuma ya san wa zai je ya tambaya.

Shekaranjiya Baba ya dawo da doya biyar. Mun buga kwana shida na labarin, an tare hanya, an kori 'yan leƙen asirin sarki. Amma rundunar ta fi ƙarfinsu, sai idan mutanen ƙetaren kogi sun iso kafin wayewar gari na bakwai, kuma kogin ya cika. Na ɗauko ɗan lido, Baba ya riƙe hannuna. Ya ce mai jirgin da zai ƙetaro da su kai ne, tunda kai ne a ƙetare, kuma shekara huɗu kana jefa wa mutane ba ka taɓa jefa wa kanka ba.

Don haka ka nemi ɗan lido ka jefa sau ɗaya. Huɗu zuwa shida, jirgi ya iso. Ƙasa da haka, bai iso ba. Ka rubuto lambar. Ba za mu ci gaba ba sai ta zo.

Zakiyya


Sansanin aiki
30 ga Satumba

Zakiyya,

Na warke, alhamdu lillahi, sai rama. Ba fushi ba ne, zazzaɓi ne da kunya. Sun ce aikin zai kai Disamba, ki lallaɓa ki gaya wa Iya.

Na ari ɗan lido wurin kukunmu. Da aka tashi cin abincin rana na koma bayan tanti ni kaɗai, na ɗora shi a kan akwatin na'urar awo, na yi bisimilla na jefa.

Kin san hannuna da kansa ya tafi zai rufe shi? Babu kowa a wurin, daga ni sai shanun da ke kiwo a gangare. Na zauna ina kallonsa har aka busa usur na komawa aiki. Na ce a raina ai akwatin ya ɗan karkace, a sake. Na ce wa zai sani. Na rubuta wata lamba a wata takarda, na yaga.

Biyu ne.

Ki gaya wa Baba jirgin bai iso ba. Ki ce masa ban taɓa son in yi ƙarya kamar yau ba, kuma ban yi ba. Zan so a ce ina barandar lokacin da za ki faɗa, ko don ya samu wanda zai harara.

Yayanki,
Datti


Gudu
13 ga Oktoba

Yaya Datti,

Salam. Mun gode Allah da ka warke. Iya ta ji batun Disamba, ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito ta ce a aika maka da yaji da kilishi, suna wurin Elvis.

Tungan Kirya ta faɗi jiya. Teburinka kuma yana nan da mutanensa, Baba ya ce Asabar mai zuwa da wuri zai zo, akwai neman wurin da za a sauki jama'a. Na fara da wannan don hankalinka ya kwanta, yanzu ga yadda aka yi.

Na karanta takardarka a fili, ban tsallake ko layi ba. Da na kai lambar Kabir ya dafe kai, Kindness ta ce "Yesu". Baba ya gyaɗa kai kawai ya ce, "To. Babu taimako. Mu fitar da mutane."

Ya shimfiɗa kwalinsa a kan taswirarka ya fara bi gida-gida. Ni ban ƙirƙiri kowa ba, tambaya kawai nake yi, wa ke cikin wannan gidan, shi kuma yana faɗa. Jonah maƙeri, wanda ba ya ji da kunnen hagu, sai an zagaya ta dama an yi masa ihu. Cynthia da tagwayenta. Tsoho Philip da ya rantse ba zai bar rumbunsa ba, sai da ɓarawon Kabir ya ɗora shi a kan doki da ƙarfi. Kowane gida a jefa ɗan lido a tsakiyar tebur. An yi asarar awaki, rumbu biyu sun ƙone, mai maganin Kindness ta samu sara a kafaɗa. Ban san lokacin da Iya ta jawo kujera ta zauna ba, sai ji na yi ta ce, "Ka manta gidan mai daddawa, na bakin rafi." Ashe tana zuwa can sayayya tun kana goye. Baba ya dube ta ya ce, "Haka ne, Hajiya," ya koma ya fitar da su.

Saura gida ɗaya, mahaya sun riga sun shigo ta gabas. Na ce wa ke ciki? Ya ce, "Lucy. Tana ɗaure tukwane."

Yaya, a nan na gane abin da ke kai hannunka. Na ce masa wannan ba sai an jefa ba. Ya ce, "Mun yi magana da kai. Kawo." Na miƙa masa ina addu'a a zuci, har da alkawuran da ban san ko zan iya cikawa ba. Ya jefa, ɗan lidon ya bugi kofin Kabir ya tsaya. Biyar.

Babu wanda ya yi ihu. Na buɗe baki in ba da labarin yadda suka fita, sai na ga ba nawa ba ne in faɗa. Baba ya daɗe yana kallon lambar. Sannan ya sunkuya dab da kwalin, ya ɗora yatsa a kan gidan, ya yi magana a hankali da yarensu na Gbagyi. Aka kira magariba muna zaune.

Da suka tafi muna wanke kofuna na tambayi Iya ko ta ji abin da ya ce, tunda tana ɗan tsintar yaren. Ta ci gaba da cuɗa kofi ɗaya da ya riga ya fita tas. Can ta ce, "Cewa ya yi, Lucy, bar tukwanen, ga ni na zo."

Ƙanwarka,
Zakiyya